Kyan Ɗan Maciji: Shin Ya Halatta Mu Yaba Tallan Da Ya Yaudare Mu?

Duk wanda aka taɓa nuna wa kibiyar da ke ɓoye a cikin tambarin kamfanin aika saƙonni na FedEx ba ya mantawa da ranar. Haruffa biyar ne kacal, kuma mutum zai iya shekara goma yana ganinsu a jikin motoci da kwalaye bai lura da komai ba. Sai ran nan wani ya ɗora masa yatsa a kan farin filin da ke tsakanin harafin E da x, ya ce, "Duba nan." Nan take kibiya ta fito ɓaro-ɓaro tana nuna gaba, kuma daga ranar ba zai sake kallon tambarin nan bai gan ta ba. Wani mai zane, Lindon Leader, shi ya tsara tambarin a 1994. Bai ɗiga ko ɗigon tawada don kibiyar ba. Siffar haruffan biyu ya gyara, ya matso da su kusa da juna, har sararin da ke tsakaninsu ya yi magana.

Daɗin da mutum ke ji a wannan lokaci ɗan'uwan daɗin kacici-kacici ne. Mai kacici-kacici yakan ba ka rabin magana ya riƙe rabi, in ka gano sauran da kanka sai ka ji kamar da kai aka ƙulla ta. Haka gwanin zane yake yi. Yakan haɗa abubuwa biyu da ba a saba ganinsu tare ba, ya bar ɗan giɓi, ya jira idon mai kallo ya cike. Abin da mutum ya gano da kansa kuwa ya fi zauna masa a zuciya fiye da abin da aka faɗa masa, domin ba wanda ke gardama da tunanin da yake zaton nasa ne.

A 1975, shekara talatin bayan ƙarewar Yaƙin Duniya na Biyu, wani mai zane ɗan Japan, Shigeo Fukuda, ya nuna iyakar inda wannan dabara za ta iya kaiwa. A kan shafi mai launin ruwan ɗorawa ya zana baƙin bakin igwa, a gabansa ya ajiye harsashi guda. Da fari mai kallo zai ɗauka harbi aka yi. Sai ya sake dubawa ya ga ashe tsinin harsashin cikin igwar yake fuskanta, wato komawa yake yi inda ya fito. Fostar ta ci babbar kyauta a gasar da aka yi a birnin Warsaw na ƙasar Poland. Abin da masana suka cika littattafai suna bayani a kan yaƙi, Fukuda ya faɗe shi a kallo ɗaya, kuma ko wanda bai iya karatu ba zai fahimta. Bahaushe da ya ga hoton nan ba ya buƙatar tafinta, zai ce ƙaiƙayi ne ya koma kan masheƙiya.

Da a nan zancen ya tsaya, da yabon fasahar zane bai zama abin muhawara ba. Amma wannan dabarar dai, ta haɗa abu biyu a bar mai kallo ya ƙarasa, ita ce ta haifi tallan da masana harkar da dama ke ɗauka cikin mafiya tasiri a ƙarni na ashirin, wato kaboyin Marlboro.

Kamfanin Philip Morris ya fito da tabar Marlboro a Amurka a 1924, kuma mata aka nufa da ita. Har an taɓa yi wa gindin karan jan launi don kada jambaki ya nuna a jiki. A 1950 masu bincike biyu a Ingila, Richard Doll da Austin Bradford Hill, suka buga binciken da ya danganta shan taba da sankarar huhu, kuma a shekarar aka buga makamancinsa a Amurka. Tsoro ya shiga mashaya. Kamfanoni suka juya ga taba mai filta, wadda mutane ke kyautata zaton ta fi sauƙin illa. Sai dai maza a lokacin suna ganin filta abin mata ne. Aka kai wannan matsala ga kamfanin talla na Leo Burnett a birnin Shikago a 1954, shekara ta zagayo sabon talla ya fito. Aka sake wa tabar kwali, ja da fari, mai murfi da ake ɗagawa. Aka fara nuna ƙarfafan maza masu sana'o'i daban-daban, daga baya aka tsaya a kan guda ɗaya: makiyayin shanu bisa doki, shi kaɗai a fili fetal, duwatsu a bayansa, sama garau a kansa. Zuwa 1972 babu tabar da ta kai Marlboro kasuwa a duniya.

Sai mu faɗi gaskiya, hotunan nan sun haɗu. An iya zaɓen haske, an iya zaɓen fuska, an san inda za a bar fili don ido ya huta. Sau da yawa rubutun bai wuce layi ɗaya ba. Ba a ce wa kowa taba na ba da ƙarfi ko 'yanci ba. An ajiye kara a bakin mutumin da ke da ƙarfi da 'yanci, aka bar saurayin da ke kallo ya ƙarasa lissafin da kansa. Hikimar da ta sa kibiya a cikin tambari, ta sa harsashi ya juya, ita ce ta sa wannan. A yau kuma Hukumar Lafiya ta Duniya na cewa taba na kashe mutum sama da miliyan 7 a kowace shekara. Ga tambayar da ta tsaya mini a rai: in na tsaya gaban wannan hoto na ji ya burge ni, na yi laifi? In ɗalibin zane ya tambaye ni ko aikin ya yi kyau, me zan ce masa?

Harshen Hausa bai sauƙaƙa wa mai amsawa ba, domin kalma ɗaya muke da ita ga abin da ya ƙayatar da ido da abin da ya dace a yi. Mukan ce yarinya tana da kyau, mukan ce ƙarya ba kyau. In aka ce aiki ya yi kyau, ba a rabe ko ido aka gamsar ko zuciya. Kamar dai harshen na so ya ce asalin abin guda ne. Amma harshen nan kuma shi ya ba mu "kyan ɗan maciji". Wanda ya fara faɗin wannan magana bai ce ɗan maciji mummuna ne ba. Ya yarda cewa sheƙinsa da zanen jikinsa abin kallo ne, ya kuma san cewa in ka miƙa hannu ka mutu. Ashe magabata sun san ana samun inda kyau biyun ke rabuwa, kuma sun san a nan haɗari ya fi yawa.

Amsar farko da mutane ke bayarwa ita ce a raba gwaninta da manufa. Suna cewa aikin mai kallon fasaha shi ne ya auna tsari da launi da hikima, batun illa kuwa a bar wa likita da alƙali. Sukan kafa hujja da maƙeri: in ya ƙera wuƙa mai kaifi, gwani ne, ko an yanka albasa da ita ko an yanka mutum. Sukan kuma jingina da masanin falsafar nan na Jamus, Immanuel Kant, wanda a 1790 ya yi bayanin cewa hukuncin kyau na tsantsa ba ya tambayar amfanin abu, kamar yadda mutum ke sha'awar fure ba tare da ya san me aka yi shi domin sa ba.

Wannan amsa tana da ƙarfinta, kuma bai kamata a raina ta ba. Wanda ya ce tallan Marlboro ba shi da kyau ko kaɗan, to ya bayyana mana yadda aka yi ya ja miliyoyin mutane. Gwamnatin Ostireliya ma ta yi wa wannan magana shaida a aikace. Daga Disambar 2012 ta wajabta a sayar da taba a cikin kwali iri ɗaya, babu tambari, babu launin kamfani, sunan tabar ma da haruffa iri ɗaya ake rubuta shi, sannan a lulluɓe kwalin da hotunan cututtuka. Launin da aka zaɓa wani baƙi-baƙin ruwan ƙasa ne wanda bincike ya nuna ya fi kowanne rashin jan hankali. Kamfanonin taba suka kai ƙara babbar kotun ƙasar, suka sha kaye. Gwamnati da kamfanoni sun saɓa a kan komai, amma sun haɗu a kan abu ɗaya, cewa kyan kwalin nan yana aiki. Ba a kafa doka a kan abin da ba shi da tasiri, ba a kuma kashe dukiya a kotu don kare shi.

Sai dai misalin maƙeri bai zauna daidai ba. Wuƙa ba ta san inda za a kai ta ba. Ta bar hannun maƙeri ba ta da ra'ayi tsakanin albasa da wuyan mutum, mai riƙe da ita ne zai zaɓa. Talla kuwa da inda za shi aka haife shi. Hoton kaboyin nan ba shi da wani amfani na biyu da za a ce wani ne ya karkatar da shi. An yi shi ne domin mutumin da ya ji tsoron sankara ya daina jin tsoro, domin yaron da bai fara ba ya fara. Abin da ya fi wannan muhimmanci kuma shi ne, hikimar kanta ita ce yaudarar. Mene ne abin burgewa a cikin hoton? An ɗauki abin da ke cika huhu da hayaƙi aka ajiye shi a inda iska ta fi ko'ina tsabta. An ɗauki abin da ke mai da mutum bawan ɗabi'a aka sa shi a hannun wanda ba shi da ubangida. In ka cire wannan juyin, me ya rage da za ka yaba? Hoton mutum da doki ne kawai, irinsa dubu. Don haka ba za a iya cewa a yaba dabarar a la'anci ƙaryar ba, alhali kuwa abu ɗaya ne ake kira da suna biyu.

Shi kansa Kant bai tsaya a kan fure ba. Ya bambanta kyan da ke tsaye da kansa da kyan da ke rataye ga manufa, ya ba da misalin doki da gini, waɗanda ba a iya yanke hukunci a kansu sai an san abin da ake so su zama. Tun ƙarnoni kafin shi Imam Gazali ya yi bayani mai kama da haka a cikin Ihya'u Ulumiddin, inda ya nuna cewa kyan kowane abu yana cikin samun cikar da ta dace da shi, don haka abin da ke sa doki kyau daban yake da abin da ke sa rubutu kyau. Bahaushe ma haka yake auna abubuwa: kyan alkawari cikawa, kyan tafiya dawowa. To mene ne cikar da ta dace da talla? Talla magana ce tsakanin mai haja da mai saye. Tun daga yarinyar da ke ɗauke da tiren goro har zuwa allon da ya kai tsayin bene, abin da ake yi guda ne, wani na gaya wa wani cewa ga abin da zai amfane shi. Maganar da aka yi wa mutum a kan amfaninsa kuwa ba ta cika sai ta zama gaskiya.

Amsa ta biyu ita ce kishiyar ta farko. Masu ita suna cewa duk talla sihirin ido ne, mai hankali ba ya yaba shi, kamar yadda Aflatun ya so a nisanta mawaƙa daga birninsa na mafarki don gudun abin da suke yi wa zukata. Wannan ma bai gamsar da ni ba, saboda dalili biyu. Na farko, wanda ya hana kansa ganin gwanintar talla bai tsira daga gare shi ba, ya dai daina lura da ƙofar da yake shigowa ne. Na biyu, akwai zalunci a cikin yi wa sana'ar kuɗin goro. A 1959 kamfanin talla na Doyle Dane Bernbach ya karɓi aikin tallata motar Volkswagen Beetle a Amurka, ƙasar da a lokacin ake auna darajar mutum da tsawon motarsa. Mai zane Helmut Krone da marubuci Julian Koenig ba su ɓoye ƙanƙantar motar ba. Sun sa ta 'yar mitsitsiya a kusurwar shafi, suka bar sauran shafin fari fat, suka gayyaci mai karatu ya yi tunanin amfanin ƙaramin abu: mai kaɗan, gyara mai sauƙi, wurin ajiyewa ba wuya. Motar da mutum ya gani a shafi ita ya tarar a shago. Wannan ma hikima ce ta ido, kuma an yi ta ne don a sayar da kaya, amma ba a saci hankalin kowa ba.

Daga nan nake ganin ma'auni yana fitowa, kuma ba mai wuyar riƙewa ba ne. A tambayi kowace dabara: shin za ta jure a tona ta? In aka nuna maka kibiyar FedEx, daɗinka ƙaruwa yake yi. In aka yi maka bayanin harsashin Fukuda, hoton ƙara nauyi yake yi a zuciyarka. In mai zanen Volkswagen ya zauna kusa da kai ya ce, "Ga abin da na yi, ga dalilina," za ka miƙa masa hannu. Amma a ce mai tallan taba ya zauna kusa da saurayin nan ya ce masa, "Na san kana tsoron cuta, shi ya sa na nuna maka lafiyayyen mutum. Na san kana so a ɗauke ka namiji, shi ya sa na kawo doki." Daga wannan lokaci tallan ya mutu. Dabara ta farko tana son a gano ta, domin ta ɗauki mai kallo abokin wasa. Ta biyu ba ta rayuwa sai in ba a gano ta ba, domin ta ɗauke shi abin farauta. Ƙugiya ma da hikima ake ɗaura mata tana, amma kifin da ya fahimci hikimar ba ya haɗiya.

Saboda haka nake ganin akwai abubuwa biyu da muke cakuɗawa a cikin kalmar yabo, wato shaida da sa albarka. Shaida ita ce in faɗi abin da na gani: aikin nan an iya shi, ga yadda aka yi, ga abin da ya sa ya kama zukata. Wannan wajibi ne a kan malami da ɗalibi, kuma ƙin faɗinsa ƙarya ce. Sa albarka kuwa ita ce in ce na ji daɗin da aka yi shi, Allah ya ƙara irinsa. Fukuda ya cancanci duka biyun. Kaboyin Marlboro ya cancanci ta farko kawai. Burgewar da na ji a gaban hoton ba laifi ba ce, don ido ba ya neman izini kafin ya ga sheƙi. Laifin yana farawa ne in na san abin da sheƙin ya lulluɓe, na kuma zaɓi in yi shiru a kansa don kada ya ɓata mini daɗin kallo.

Mai gardama zai ce ina hukunta mutanen jiya da ilimin yau. Tarihi bai goyi bayansa ba. A Janairun 1954, shekarar da aka kai wa Burnett aikin, kamfanonin taba na Amurka sun sayi shafi a jaridu sama da 400 suna kwantar wa jama'a hankali a kan binciken sankara, wanda ke nuna cewa zancen ya riga ya cika gari. A 1964 babban likitan gwamnatin Amurka, Luther Terry, ya fitar da rahoton da ya tabbatar da cewa taba na haddasa sankarar huhu. A shekarar nan Emerson Foote, shugaban kamfanin talla na McCann-Erickson, ya ajiye muƙaminsa don ba ya son hannunsa a tallan taba, kamfanin Bernbach ma ya ƙi karɓar irin wannan aiki. Ashe ƙofar fita a buɗe take, kuma akwai waɗanda suka bi ta. Kaboyin kuwa ya ci gaba da sukuwa. Da aka hana tallan taba a rediyo da talabijin a Amurka a Janairun 1971, sai ya koma mujallu da allunan bakin hanya, inda ya ƙara kusan shekara talatin.

Wani kuma zai ce baligi ne ya sayi taba da kuɗinsa, ba wanda ya ɗura masa. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba na cire wa mai saye nasa alhakin. Amma hukumomin lafiya na Amurka sun daɗe suna nuna cewa kusan tara cikin goma na mashaya sun fara ne suna da shekara 18 ko ƙasa da haka, lokacin da mutum ya fi ƙishirwar a ce masa ya girma. Bugu da ƙari, hoto yana da wata kariya da magana ba ta da ita. In mutum ya ce maka taba na ƙara lafiya, za ka ƙaryata shi, kotu ma za ta iya kama shi. Hoto bai ce komai ba, don haka ba abin da za a ƙaryata. Kai ka faɗa wa kanka ƙaryar, da muryarka. Wannan ne ya sa alhakin mai zane ya fi na mai surutu nauyi, don ya zaɓi hanyar da ba a yi wa gadi.

Gardamar da ta fi ba ni wuya ita ce ta iyaka. In tallan taba ya faɗi, ina lemon kwalba da ake nunawa a hannun 'yan wasa? Ina turaren da ake haɗawa da soyayya? Ai kusan kowane talla yana aro wa haja wata daraja da ba tata ba. Milton Glaser, wanda ya zana tambarin nan na jihar New York mai alamar zuciya, ya taɓa jera wa masu zane matakai goma sha biyu, daga ƙaramar yaudara kamar tsara kwali ya yi kama da ya fi girmansa, har zuwa tallata abin da zai iya kashe mai amfani da shi, ya bar kowa ya faɗi matakin da zai tsaya. Bai ja layi ba, kuma ina ganin ya yi daidai. Akwai ma inda ma'aunina ke rawa. A 1990 Therese Frare ta ɗauki hoton David Kirby yana gargarar mutuwa da cutar ƙanjamau, mahaifinsa na rungume da shi. A 1992 kamfanin tufafi na Benetton ya yi talla da hoton, da yardar iyalin mamacin, waɗanda suka so duniya ta ga abin da cutar ke yi. Babu ƙarya a hoton, kuma ya tilasta wa mutane kallon abin da suke kau da kai daga gare shi. Duk da haka, tambarin mai sayar da riguna a gefen gadon mutuwa yana sa zuciya ta ƙi natsuwa. Har yanzu ban iya cewa na sa masa albarka ko ban sa ba. Amma wahalar hukunci a tsakiya ba ta hana a gane gefe da gefe. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.

Me ya sa duk wannan ya dame mu, mu da ba mu zana kaboyi ba? Domin yabo abinci ne, abin da aka ciyar shi ke girma. A yau saurayi mai waya ko kwamfuta a kowace unguwa yana iya tsara talla cikin awa guda, ya watsa shi ga dubban mutane kafin magariba. Daga abin da muke tafa wa yake koyon abin da ake kira gwaninta. Dokar Nijeriya ta 2015 ta taƙaita tallan taba ƙwarai, amma dabarar kaboyin ba ta mutu ba, haja kawai ta sake. Dubi tallan man bilicin da ke raba fuskar mace biyu, ɓangare ɗaya baƙi a murtuke, ɗaya fari yana murmushi. Ba a rubuta cewa baƙar fata abin kunya ce ba. An bar yarinya 'yar shekara goma sha biyar ta ƙarasa da kanta, a gaban madubi. In muka kalli wannan muka ce mai zanen ya iya, muka yi shiru daga nan, mun koya wa wanda ke tasowa cewa iyawa ita ce ƙarshen zance. Tun 1964 wani mai zane a Landan, Ken Garland, shi da abokan sana'arsa kimanin ashirin, suka sa hannu a wata sanarwa suna kira da a karkata basirar masu zane zuwa ga abubuwan da suka fi amfanar jama'a, kamar alamun hanya da littattafai da kayan koyarwa. Kiran nasu ba ya yin tasiri in masu kallo ba su taya su ba.

Wayne McLaren yana cikin waɗanda suka fito a tallan Marlboro a shekarun 1970. Sankarar huhu ta kama shi, ya ƙarasa rayuwarsa yana gargaɗi a kan taba, har ya je taron masu hannun jarin Philip Morris ya roƙe su su rage talla. Ya rasu a 1992 yana da shekara 51. An yi wani tallan gargaɗi da ya jera hotonsa na kaboyi da hotonsa a gadon asibiti. Bayan haka hukumar lafiya ta jihar Kalifoniya ta kafa alluna masu kama da na Marlboro sak, kaboyi biyu bisa dawakai, rana na faɗuwa a bayansu, sai dai ɗayan yana gaya wa ɗan'uwansa cewa huhunsa ya lalace. Launin bai sake ba, tsarin bai sake ba, filin da dawakan duk suna nan. Waɗanda suka yi wannan aiki sun yi wa tallan farko cikakkiyar shaida, domin sai da suka fahimci kowane sirrinsa kafin su iya juya shi, amma ba su sa masa albarka ba.

In ɗalibin nan ya dawo ya sake tambayata ko kaboyin ya yi kyau, zan ce masa ya zauna mu kalla tare. Zan nuna masa inda aka sa hasken da inda aka bar filin, in ce ya koyi wannan da kyau, don ba kullum ake samun irinsa ba. Sannan in ajiye masa hoton McLaren na gadon asibiti kusa da shi, in tambaye shi wanne daga cikin biyun zai so a ce da hannunsa aka yi.